Dara Ta Ci Gida: Kamun Sarki a Sahun Baya a Wasan Shataranji



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi mamaki, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da wasan da samarinmu suke kira ces, wasu kuma su ce darar Turawa. To, ga yadda abin ya faru. Da rani na yi 'yan kwanaki tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, ina bin dattawa majalisa majalisa don in tattara kalmomin da ake amfani da su wajen dara irin tamu ta gargajiya, wadda ake haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da kara. A garuruwan biyu duka, ba nisa da inda dattawan suke, sai in tarar da wani gungu na dabam: malaman makaranta, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da 'yan hidimar ƙasa, sun sa wani allo mai gidaje fari da baƙi a tsakiya sun yi tsit. Da yake na taɓa wasan a lokacin da nake karatu a ƙasar waje, sai na riƙa tsayawa ina kallo. Abubuwa biyu na lura da su. Na farko, sunayen 'ya'yan wasan da Turanci suke faɗa, gori da tsiya kuwa da Hausa. Na biyu, wanda shi ne ya kawo ni gabanku yau, na ga irin mutuwa ɗaya tana ta maimaita kanta. Mutum ya yi awa guda yana gina wasansa, ya fi abokin karawarsa 'ya'ya, har 'yan kallo sun fara yi masa barka, sai taku ɗaya tak ya rushe kome.

Kafin in bayyana wannan mutuwa, dole mu daidaita kan sunaye, domin ba na so in yi muku laccar rabin Hausa rabin Turanci. Wasan ba na Turawa ba ne tun asali. A ƙasar Indiya ya tsiro wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Larabawa suka karɓe shi suka kira shi shaɗaranj, su ne kuma suka kai shi Andalus har ya bazu cikin Turai. Saboda haka ni shataranji zan riƙa cewa. Allon yana da gidaje 64. Layukan da suka miƙe daga gabanka zuwa gaban abokin wasanka ana sa musu haruffa daga a zuwa h, zan kira su layi. Waɗanda suka gitta kuwa ana ƙidaya su daga 1 zuwa 8, zan kira su sahu. Ta haka kowane gida yake da suna, kamar e1 ko g8. Sahun baya na Fari shi ne na 1, na Baƙi kuwa na 8.

'Ya'yan wasa kuma ga su: sarki, da doki, waɗannan ba gardama. Wanda Turawa suka mayar sarauniya, Larabawa har yau waziri suke ce masa, mu ma waziri ya fi dacewa da fadarmu. Wadda take tafiya a karkace giwa ce tun asali. Wadda take tafiya a miƙe, gaba ko baya ko gefe, iyakar inda hanya ta buɗe mata, zan kira ta hasumiya saboda siffarta. Ƙananan nan takwas da ake jerawa a gaba ba sai mun yi aro ba, muna da kalmarmu tun zamanin yaƙe-yaƙe, watau dakaru. In an kai wa sarki hari, na ce an yi masa kashedi. In ya rasa mafita, na ce an kama shi. Kalmar da duniya take amfani da ita a nan daga Farisanci ta fito, shah mat, ma'ana sarki ya rasa ta yi, amma kunnen Balarabe ya ji ta kamar mata, watau ya mutu. Ɗaliban ilimin harsuna da ke nan sun san cewa wannan mata ta Larabci da mutu ta Hausa saiwarsu ɗaya, tana cikin shaidun da ake kafawa na dangantakar harsunan biyu. Wannan dai ratse ne, mu koma.

Ku sa wannan hoto a zuci. Sarkin Baƙi yana g8. A gabansa akwai dakarunsa uku, a f7 da g7 da h7, ba wanda ya taɓa motsawa. Fari yana da hasumiya a e1, layin e kuwa a buɗe yake, ba kowa a kai. Fari ya tura hasumiyar nan zuwa e8. Shi ke nan, wasa ya ƙare. Sarki ba zai koma f8 ko h8 ba, domin duk suna bisa sahun da hasumiya take kallo. Ba zai yi gaba ba, domin gidaje ukun da ke gabansa mutanensa ne a ciki, doka kuwa ba ta yarda ya ci nasa ba. Wannan shi ne kamun sahun baya. Abin lura shi ne, a cikin gidaje biyar da sarkin zai iya takawa, biyu kaɗai abokin gaba ya toshe. Sauran ukun shi da kansa ya toshe su.

Wannan ne ya sa na ɗauko karin maganar nan ta zama kan laccata. Dakarun nan uku ba bisa kuskure suke wurin ba. Kowane littafin koyon wasa zai ce maka ka gaggauta fakar da sarkinka a lungu ta hanyar takun nan na musamman da sarki da hasumiya suke yi tare, sa'an nan kada ka yawaita taɓa dakarun da ke gabansa. Shawara ce mai kyau ƙwarai a farkon wasa, lokacin da dawaki da giwaye suke yawo, sahun baya kuma cike yake da masu gadi. Amma wasa yana tafiya ana cinye 'ya'ya, layuka suna buɗewa, hasumiyoyi suna barin gida su tafi farauta, ganuwa kuwa tana nan yadda aka gina ta. Mu da muka fito daga ƙasar birane mun san cewa magina ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ba su zagaye gari suka rufe ruf ba, sun bar ƙofofi. Ɗan shataranji yakan gina tasa ba ƙofa, ya kuma manta da ita, domin ta yi masa amfani a taku ashirin na farko har ya daina ganinta.

Tarihin dokokin wasan ma ya taimaka wajen yawaitar wannan kamu. A shataranjin Bagadaza, zamanin gwanaye irin su al-Adli da as-Suli a ƙarni na 9 da na 10, waziri rarrauna ne, gida ɗaya yake takawa a karkace, kuma babu takun fakar da sarki. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 ne aka ba waziri ƙarfin da yake da shi yanzu a ƙasar Sifen, daga baya kuma takun fakewa ya zauna da siffarsa ta yau. Sai ya zama an sami sarki da yake kwana a lungu bayan dakaru uku a kusan kowane wasa, ga kuma 'ya'ya uku a hannun abokin gaba, hasumiya biyu da waziri, waɗanda kowannensu zai iya ratsa allon da taku ɗaya.

Ba safai ake samun sahun baya ba mai gadi ko ɗaya ba, sai a wasan sababbin shiga. Abin da ya fi faruwa tsakanin matsakaitan 'yan wasa, irin waɗanda na gani a Birnin Kudu, shi ne akwai mai gadi amma bai isa ba. A nan lissafi yake shigowa. Ku mayar da hoton ɗazu, ku ƙara wa Baƙi hasumiya a c8. Yanzu in hasumiyar Fari ta sauka e8, cinye ta za a yi. To, ku ba Fari waziri a e4, hasumiyarsa tana bayansa a e1. Waziri ya faɗa e8 da kashedi, hasumiyar Baƙi ta cinye shi, ba ta da zaɓi, hasumiyar Fari ta cinye ta, sarki ya kamu. An ba da waziri, wanda ake yi wa kuɗi da dakaru tara, an karɓi hasumiya mai darajar biyar, amma wa ya damu da ciniki bayan an kama sarki? Maharan gidan e8 biyu ne, mai gadinsa ɗaya.

Sai dai lissafin yana da tarko, kuma a Gwaram na ga wani malami ya faɗa cikinsa da murnarsa. Yanayin daidai yake da wanda na faɗa yanzu, illa wazirin Baƙi yana can b5, nesa da fada, kamar ba ruwansa. Malamin nan ya jefa wazirinsa e8 har da buga allo. Aka ci, ya ci, sai wazirin nan na b5 ya biyo karkatacciyar hanya ta c6 da d7 ya cinye hasumiyarsa ta ƙarshe. Ya ƙidaya masu gadin da suke zaune a sahun baya, ya manta da wanda yake gadi daga nesa. Wani dattijo daga cikin 'yan dara, wanda bai san ko sunan ɗa ɗaya a allon ba, ya dubi fuskar malamin kawai ya ce, "Malam, dara ta ci gida ke nan?"

Mataki na gaba, wanda a ganina nan ne daɗin abin yake, shi ne janye mai gadi. In ɗa ɗaya ne yake riƙe da sahun baya, to wannan ɗa ɗaurarre ne, ko da a ido yana da 'yanci. Kome ka ajiye masa ba zai iya ci ba, in cin zai raba shi da bakin aikinsa. Misalin da ya fi shahara shi ne wasan da José Raúl Capablanca, mutumin Kuba wanda ya riƙe kambin duniya daga 1921 zuwa 1927, ya yi da Ossip Bernstein a Mosko cikin 1914. Ina roƙon waɗanda suka zo da takarda su rubuta. Bernstein ne Fari: sarki g1, waziri e2, hasumiya c3, dakaru a a2, e3, f2, g2 da h2. Capablanca ne Baƙi: sarki g8, waziri b6, hasumiya d8, dakaru a a7, f7, g7 da h7. Taku na Baƙi ne, na 29.

Ku duba da kyau, sarakunan biyu duka a rufe suke. Bernstein ya ci dakare ɗaya riba, kuma yana da dalilin sakin jiki. In Baƙi ya yi abin da ido yake fara gani, watau waziri zuwa b1 da kashedi, Fari zai tare da waziri a f1. In Baƙi ya yi gaggawa ya kawo hasumiya d1 don ya kama wazirin, sai hasumiyar Fari ta tafi c8, Baƙi ne zai mutu a nasa sahun bayan. Capablanca bai yi kashedi ba sam. Ya ɗauki wazirinsa ya ajiye a b2, gidan da wazirin Fari zai iya cinye shi kyauta. In an ci, hasumiya ta sauka d1, an kama sarki, domin mai gadin d1 ya tafi. In ba a ci ba, wazirin nan yana barazana ga waziri da hasumiya a lokaci ɗaya. Fari ya janye waziri zuwa e1 don ya kare duka biyu? Baƙi ya cinye hasumiyar c3, in an rama, hasumiya ta sauka d1, ƙarshen dai ɗaya ne. Fari ya tare da hasumiya a c2? Sai yanzu waziri ya yi kashedi a b1, a tare a f1, ya cinye hasumiyar. Bernstein ya duba ya miƙa wuya nan take. Akwai wani wasan da ake dangantawa da Adams da Torre a New Orleans cikin 1920, inda Fari ya yi ta miƙa wazirinsa taku bayan taku ba a iya ci, ko da yake masana tarihin wasan suna shakkar an buga shi da gaske. Na fi son na Capablanca, domin 'ya'yansa kaɗan ne, yaro ma zai iya jera shi cikin minti ɗaya.

Maganin cutar sananne ne: a tura ɗaya daga cikin dakarun nan uku gaba da gida ɗaya, sarki ya sami mafita. Jamusawa suna kiran wannan Luft, watau iska, mu sai mu ce buɗe taga. Amma fa ba kowace taga ce take fita waje ba. Baƙi ya tura dakaren h7 zuwa h6 ya saki jiki, alhali giwar Fari tana d3 tana kallon h7 ta karkatacciyar hanya: hasumiya ta sauka e8, an kama shi kamar bai buɗe kome ba. Ko ya tura g7 zuwa g6, giwar Fari ta zo ta zauna h6, ta toshe g7. Saboda haka kafin ka zaɓi dakaren da za ka tura, dubi launin gidajen da giwar abokin wasanka take bi, ka buɗe tagarka a ɗaya launin. Lokacin buɗewa ma abin lura ne. Wanda ya yi tun taku na shida don tsoro ya ɓata taku, ya kuma ba maharan sarki abin kamawa. Ni dai ra'ayina, lokacin da ya dace shi ne sa'ad da layi na farko ya buɗe, ka kuma ga hasumiyarka tana shirin barin gida.

Na zo ga maganar horo. Duk waɗanda na ga an kama a sahun baya sun san wannan kamu. In ka tambaye su za su yi maka bayaninsa kamar yadda na yi yanzu. Ni kaina na san shi sarai ranar da wani tsoho ya yi mini shi a wani ɗakin shan shayi a ƙasar da na yi karatu, ina da ribar doki guda, ina ta lissafin yadda zan ci dakarensa. Sani a ka dabam, gani a allo dabam. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya yi bincike a kan wannan, ya buga shi cikin 1946, daga baya William Chase da Herbert Simon suka faɗaɗa shi a Amurka cikin 1973. An nuna wa gwanaye da 'yan koyo allo na 'yan daƙiƙoƙi aka ɗauke, aka ce su sake jera abin da suka gani. In yanayin daga wasa na gaskiya aka ɗauko shi, gwani yakan mayar da kusan kome, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. In kuwa an warwatsa 'ya'yan ne barkatai, fifikon gwanin yakan kusa ɓacewa. Ashe gwani ba ɗa ɗaya ɗaya yake gani ba, siffofi yake gani a dunƙule, kamar yadda mai karatu yake ganin kalma ba tare da ya bi baƙaƙenta ba. Dattawan dara na Birnin Kudu haka suke: kafin ka ajiye tsakuwarka sun hango jerin ukun da kake nufi, ba don sun yi lissafi ba, sai don sun gan shi sau dubu.

Ke nan abin da ake bukata shi ne ido ya ga siffar har ta zame masa jiki, wannan kuwa ba ya samuwa ta buga wasa cikakke kullum, domin a wasa guda sau ɗaya za ka gamu da ita, galibi kuma a makare. Larabawan da sun gane haka, shi ya sa littattafansu suke cike da abin da suka kira mansubat, watau yanayin da aka jera da gangan aka ce nemo kamu. Shawarata ga ƙungiyoyin makarantu da na ma'aikata ita ce, kafin a fara wasan yamma a ware minti goma sha biyar. Mutum biyu su zauna, ɗaya ya jera sarki da dakarunsa uku da 'ya'ya biyu ko uku a kowane gefe, ya tambayi ɗayan: akwai kamu ko babu? Lalle ne a riƙa cakuɗawa da yanayin da babu, irin na malamin Gwaram, domin wanda aka saba masa da cewa kullum akwai, zai riƙa jefa wazirinsa a wuta. Sa'an nan a juya allon, wanda ya kai hari ya koma tsaro, a tambaye shi wace taga zai buɗe. A canza lungu kuma, yau sarki a g8, gobe a c8 ko b8, jibi a g1, don kada ido ya haddace kusurwa ɗaya. Ba a bukatar kaya masu tsada, kwali da marafan kwalba sun isa. Masu wayar hannu kuwa za su sami irin waɗannan matsaloli kyauta a dandalin Lichess, an ma ware na sahun baya a rukuninsu. Amma na fi son a kwafe su a jera bisa allo, domin a kan allo za a yi gasa.

Akwai kuma ɗabi'a ɗaya da nake so kowa ya ɗora wa kansa. Duk lokacin da hannunka ya nufi hasumiya ko waziri da ke sahunka na baya, dakata ka tambayi kanka wa ka bari a gida. Kuma duk wasan da aka kama ka ta wannan hanya, rubuta yanayin a littafi, ka koma baya ka nemo takun da mai gadinka na ƙarshe ya fita, domin a nan aka yi ɓarnar, taku uku ko huɗu kafin kamun.

Ga ɗaya ku tafi da shi. Fari: sarki h1, waziri f3, hasumiyoyi e1 da f1, dakaru g2 da h2. Baƙi: sarki g8, waziri b6, hasumiyoyi f8 da c2, dakaru f7, g7 da h7. A ido Baƙi lafiya lau yake, ga ribar dakare, ga hasumiya zaune kusa da sarki, ga wata ta kutsa har sahu na 2. Taku na Fari ne. Waziri ya ci dakaren f7 da kashedi. Sarki ba zai ci shi ba, domin hasumiyar f1 tana bayansa. In sarki ya koma h8, waziri ya ci hasumiyar f8, an kama shi. In kuwa hasumiyar f8 ta ci waziri, ta bar sahun baya ke nan: hasumiyar e1 ta sauka e8 da kashedi, waccan ta dawo f8 ta tare, a cinye ta a nan, ɗaya hasumiyar tana tsaron wadda ta ci daga f1.